Tushen Rumfar da Kaka Hajo Ta Haƙa

A gidanmu na unguwar Nima, ranar da aka ɗauke wuta ita ce ranar tatsuniya. Da zarar fankoki sun tsaya, talabijin ta mutu, sai mu yaran gidan mu silale zuwa ƙofar ɗakin Kaka Hajo, mahaifiyar innata. Bayan sallar isha'i takan zauna gaban kurfoti, murhunta na gawayi, tana dafa waken da za ta haɗa da shinkafa ta sayar da safe a bakin titi. Ƙamshin karan dafi da hayaƙin gawayi da warin babbar kwatar da ta bi ta bayan gidan, duk a haɗe muke shaƙarsu, ba kuma wanda ya taɓa cewa uffan.

Sai ta fifita garwashin, ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa."

Mu amsa baki ɗaya, "A buɗe mata ta shigo!"

Tatsuniyoyinta da yawa, amma wadda muka fi roƙo ita ce ta Kunkuru. Wai a wani gari na bakin kogi, duk damina ruwa yakan kwashe irin da dabbobi suka yafa tun bai yi ƙwari ba. Sai tsohuwar Kunkuru ta ce za ta yi wa shukarta ɗaki. Biri ya yi dariya har ya faɗo daga reshe, amma da ya ga abin da gaske ne, sai ya kafa sanduna ya aza ciyawa, kafin azahar ya gama tasa rumfar. Ita kuwa Kunkuru rani ya ƙare mata a haƙan rami, tana jan duwatsu ɗaya-ɗaya tana jerawa a ciki. Da ruwa ya sauko ya yi gaba da rumfar Biri, ta Kunkuru ko motsi. A shekarar nan duk garin a wurinta aka roƙi dashe, ta kuma ba kowa, har Birin.

"Kun ji ko?" in ji Kaka, tana nuna mu da ludayi. "Ba rufin ne ya cece ta ba, ramin nan ne da ba wanda yake gani. Ke Rabi, in za ki yi aiki, ki fara daga ƙasa," ta ƙara tana kallona.

Sai da na ɗan tasa na gane cewa ba haka kawai take yawan ba mu wannan labarin ba. A bayan gidan akwai wani ɗan fili tsakanin bango da kwata, inda take shuka alayyafo da yakuwa da attarugu. Duk shekara in ruwan damina ya yi ƙarfi, kwatar ta cika ta tumbatsa, sai ta wanke shukar, ta bar mata ledoji da tsummoki. Wata rana ta je wajen masu lambu a Kawukudi sayen iri, ta ga wata rumfa da aka lulluɓe da farar leda mai kauri, dashe a ciki kore shar, ruwa bai dake shi ba, iska ba ta karya shi ba. Ta dawo ba ta da zance sai na rumfar.

Ba ta kira magini ba. Ta kafa turaku ta ja igiya, ta fitar da kusurwoyi huɗu. Ƙasar wurin tsohuwar bola ce, taɓo da kwalabe, don haka ta yi ta haƙa har sai da diga ta soma ƙara a kan ƙasa mai tauri, ramin ya kusa kai mata ƙugu. Ta zuba tsakuwa ta daddake, ta kwaɓa siminti da yashi ta malala a kai. Sannan ta soma jera bulo. Kowane sahu sai ta aza katako, ta kwantar da kwalba mai rabin ruwa a kai ta duba ko ya karkata. In ya karkata ta rushe ta sake. Ta ɗaga ginin har ya wuce inda ruwan kwata yake kaiwa, ta bar rami a kowace kusurwa don ƙarfen da zai riƙe rufi. Safe da yamma tana yayyafa masa ruwa kada ya tsage. Tafin hannunta ya faffashe saboda siminti, har takan naɗe shi da tsumma kafin ta zuba wa masu sayen abinci. Ledar ma ta saya, ta naɗe ta ajiye a ƙarƙashin gado.

Ana cikin haka aka yi mata rasuwa a Kumasi, ta tafi zaman makoki. Kwana kaɗan da tafiyarta ɗanta namiji tilo, Kawu Salisu, wanda bai daɗe da dawowa daga ƙasar waje ba, ya zaga bayan gida da wani abokinsa magini. Ina tsaye ina shanya na ji maginin ya buga bulon tushen da ƙafa ya ce, "Cale, abokina, wannan fandisho ai ko bene zai ɗauka." Washegari aka sauke yashi, wai ɗakin haya za a gina a kan tushen. Innata ta yi magana sau ɗaya, Kawu ya ce gidan ubansa ne, ta ƙyale shi.

Da Kaka ta dawo bango ya kai taga. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta wuce baya.

"Salisu, ka tambaye ni?"

"Mma, haba. Ganye ne za a yi wa ɗaki a Nima? Mutane suna kwana a baranda. Ai don ke na yi, in ɗan haya ya shiga kin huta da wahala."

Idonta yana kan buhunan simintinsa, waɗanda aka lulluɓe da farar ledarta don kada ruwa ya taɓa su. Sai ta juya ta shiga ɗaki ta yi alwala.

Bayan wannan an ɗauke wuta sau ba adadi. Muka ci gaba da taruwa a ƙofarta, tana ba mu labarin aljanu da na mafarauta. Amma ranar da na ce, "Kaka, ta Kunkuru," sai ta ce, "Kunkuru ta yi ƙaura, Rabi. Ki nemi wata." Ba ta ƙara shuka ko da ƙwayar attarugu ba har ta koma ga Mahaliccinta.

Yau ina aure a Alajo, ina da 'ya'ya, kuma na sha yin tunani a kan abin da ta koya mana. Ba ƙarya ta yi ba, aikin da aka fara daga ƙasa yana tsayawa. Abin da ba ta faɗa mana ba, wataƙila don ita ma ba ta sani ba a lokacin, shi ne tsayawar aikin ba ta nufin mai shi ne zai more shi. Da ta kafa sanduna ta aza leda a rana ɗaya, da ba wanda zai ko kalli wurin. Ingancin aikin ne ya jawo aka raba ta da shi, kuma ba baƙo ne ya raba ta ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je Nima gaisuwa. Kawu Salisu ya tsufa, ya yi furfura, yana zaune a benci da abokansa a jikin ɗakin, wanda tuni aka aza masa wani a sama. Da ya gan ni ya kira ni da fara'a, ya dafa bangon ya ce musu, "Ga Rabi nan, ku tambaye ta. Uwata ce ta yi fandishon nan da hannunta. Duk ambaliyar da aka yi, ko tsagewa bai yi ba. Irin matan dauri ke nan!"

Suka yi ta jinjina kai suna yi mata addu'a. Na ce amin tare da su, domin addu'a ce. Sauran maganar da ta taso mini na haɗiye ta, na gaishe shi, na fita neman mota.