Wanda Ya Riƙe Mini Buta

Shekarun baya, akwai lokacin da alwala ta zame mini abin tsoro. Na san wani zai karanta ya yi dariya, ni ma yanzu nakan yi, amma wallahi a lokacin ba abin dariya ba ne. Ina aiki a wani ofis a Sama Road, muna da ɗan masallaci a harabar. Da an kira Azahar kowa zai tsuguna, nan da nan ya gama ya shige sahu. Ni kuwa sai na wanke fuska na kai ga hannu, wani abu a zuciyata ya ce, anya ruwa ya kai gefen kunnen nan? In koma farko. In zo ƙafa, ya ce, ka yi niyya kuwa? In sake komawa. Buta ta ƙare in ciko wata. Liman ya sallame ina nan tsugune, hannun rigata jagab.

A gida a Arkilla, maiɗakina ta sa aka kira mai gyara, wai tankinmu na yoyo. Mutumin ya duba sama da ƙasa bai ga komai ba. Ina tsaye ina taya shi nema, alhali ni ne yoyon.

Amma ba ruwan ne ya fi cin raina ba. A hankali na yarda cewa Allah ba Ya so na. Na ce wanda ko alwala ta gagare shi, ai an rufe masa ƙofa ke nan. Kiran salla da na taso ina jin daɗinsa, sai ya koma da na ji shi gabana ya faɗi. Na fara tunanin in ma daina, tunda ba karɓa ake yi ba. Ban faɗa wa kowa ba, don kunya.

Wata Juma'a na isa masallaci tun kafin a fara huɗuba, aka idar da salla ina bakin famfo. Na kasa komawa gida. Na tari keke na nufi Gawon Nama, shagon wani abokina tela da muka yi firamare tare. Na tarar da shi yana yanka shadda. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Kai, mi ya same ka? Gulbi ka faɗa?”

Na zauna a benci na zazzage masa komai. Ina jiran wa'azi, ko ya ce aljanu ne. Sai ya ajiye almakashi, ya ɗauko wata ƙaramar buta ya zuba ruwa rabi.

“Tashi mu gani,” in ji shi. “Amma ba ka taɓa butar ga. Ni zan zuba, ni zan duba. In akwai inda ruwa bai kai ba, a wuyana.”

Ya zuba na wanke. Ina ɗaga kai zan yi magana ya ce, “Ya kai, na gani. Wuce.” Haka har ƙafa. Na yi Azahar a tsakanin tarin yadi.

Daga ranar, kullum Azahar sai ga babur ɗinsa a ƙofar ofis. Ya bar ɗinkin mutane, har ana gab da Salla, lokacin da tela ba ya ɗaga kai. Abokan aiki suka shiga tsokana, wai na yi sarauta har an ba ni mai buta. Abokin nawa shi ya ja ni wurin wani malami, malamin ya ce mai yawan kokwanto ba ya komawa, wucewa yake yi. Malamin ya kuma ce in ga likita. Likitan ya ce ciwo ne sananne, ba ni kaɗai ba ne, kuma ana samun sauƙi. Na ji sanyi, amma zuciyar ba ta sake ni nan take ba.

Wata rana abin ya motsa sosai. Mun gama, na ce ya ƙara mini a ƙafar hagu. Ya ƙi. Na kai hannu zan fizge butar, sai ya juye sauran ruwan a gindin dogonyaro. Na hau shi da faɗa, na ce in sallata ta ɓaci shi zai shiga wuta a madadina?

Bai yi fushi ba. Ya ce, “Mutumina, ɗiyarka ƙarama in ta kawo ma ruwa a kofi, ta zubar da rabi a hanya, korar ta kake yi?”

Na ce a'a.

“To kai da kake ɗan Adam ke nan. Wanda Ya sa ma tausayin ga a zuciya, kana ganin ka fi Shi? Ka zo gabanShi da abin da ka iya, ka daina yi maShi mugun zato.”

Na zauna a kan dakali na yi kuka, ƙato da ni, masinja na wucewa da fayil. Ranar na shiga sahu ƙafata na ɗigar ruwa, ban koma na sake alwala ba.

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba, amma ya zo. Abin da na gane shi ne, duk lokacin da nake cewa Allah Ya juya mini baya, Yana turo mini mutum a kan babur cikin zafin Sakkwato. Ina neman ƙaunarSa a cikin buta, ashe tana hannun da ke riƙe da ita.

Bara abokina ya sami shanyewar ɓarin jiki, hannun dama ba ya ɗaguwa. In na tashi aiki nakan biya Gawon Nama mu yi Magariba tare, ni ke zuba masa ruwa. Kwanan baya ina wanke masa hannun, ya tsura masa ido ya ce a hankali, “Ba ni jin ruwan. Ya kai kuwa?”

Na ce, “Ya kai, na gani. A wuyana.”