Na Je Kwatano Ban Gaida Kowa Ba

Ni ne mai koyar da ƴan lakwal labarin ƙasa a Tasawa, ni ke zana musu teku da alli, amma in ana zancen duniya a ƙofar gidanmu, taubashina ake saurare. Ɗan gwaggona ne, direban kamiyo mai ɗauko kaya daga Kwatano. In ya dawo, bayan la'asar, Baba da kansa yake janye ƙafa ya ba shi gefen tabarma. Na girme shi, na fi shi karatu, kuma tsohon nan ubana ne, ba nashi ba. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Ga shi da neman magana. "Mushe," yakan ce mini, yadda ƴan lakwal ke kiran malaminsu da Faransanci, "tekun naka na allo yana jiƙa ƙafa kuwa?" Kowa ya kwashe da dariya, har Baba. Wasan taubasai ne, ba a fushi, sai in yi yaƙe in haɗiye.

Da hutun lakwal ya zo na ƙudura sai na ga tekun nan da idona, ko Baba ya juyo gare ni sau ɗaya ya ce, "Ba mu labari." Na ce wa gida ina da aiki a Maraɗi. Na san halin mutanenmu: da sun ji Kwatano za ni, rabin unguwa zai zo da sallahu, kilishi ga wane, yaji ga wance, saƙon baki ga ɗan da ya daɗe bai zo gida ba. Shi kuma gogan zai ce in bi shi a kamiyo kyauta. Allah ya kiyaye! Da in ci arzikinsa gara in taka da ƙafa.

Aljihuna na ƙaramin ma'aikaci ne, don haka tafiyar talaka na yi. Guzurina ƙuli-ƙuli da garin rogo. Na zauna a kujerar baya ta kar, babbar motar fasinja, inda kowane rami sai ya gaisa da ƙashin bayan mutum, muka bi ta Doso da Gaya muka ƙetare gada. A Kwatano na samu wani ɗakin katako bayan babbar kasuwa, wurin wata mata mai kifi da ba ta jin Hausa ko ta zo in kashe ka. Zafin garin mai danshi ne, in ka wanke riga ta wuni ba ta bushe ba. Ƴan kabu-kabu sun cika titi, amma ni ƙafata ce motata.

Unguwa ɗaya na ƙi shiga: Zango, inda mutanenmu suke. Can akwai tuwo, akwai masauki ga duk wanda ya ce daga Tasawa yake. Amma na san abin da za su ce da sun gane ni: "A'a, ɗan'uwan direba ne! A kawo mashi ruwa." Har a bakin wani titi na tarar da mai shayi yana Hausa irin tamu sak, na nemi shayi da Faransanci don kada ya tambaye ni ɗan wane ne. Na sha a tsaye na wuce.

Tekun kuwa, tun ban gan shi ba na ji rurinsa. Na ratsa wasu itatuwan kwakwa, sai ga shi, ruwa har inda ido ya gaza. Na naɗe wando na shiga, igiyar ruwa ta zo ta kwashe yashin ƙarƙashin ƙafata, na faɗi zaune jagab. Na ɗanɗana, gishiri ne tsantsa. Wallahi na ji tsoro, na ji daɗi, amma ko a lokacin kalmomin da zan gaya wa Baba nake jerawa a raina. Kullum da safe sai na koma, in zauna in ci ƙuli-ƙulina ina kallon masunta suna jan raga suna waƙa, har guzurin ya ƙare.

Ranar da na dawo na tarar da taubashina a gida. Na bari aka yi shiru, sannan na ce, "Baba, ba Maraɗi na je ba. Kwatano na je."

Baba ya ɗago kai ya dube ni sosai, abin da na daɗe ina nema. Fuskarsa ta washe. "Kwatano! Madalla. Yaya ka baro aminina?" Yana nufin wani tsoho mai sayar da goro a Zango, wanda suka yi tafiyar ci-rani tare tun ba a haife ni ba.

Na ce ban je Zango ba.

"To wa ka gani cikin mutanenmu?"

"Ba kowa. Teku na je gani, Baba. In ka ga girmansa..."

"Ruwa ka je gaidawa?"

Ba wanda ya yi dariya. Na so ma a yi. Taubashina ne ya sa baki, kuma ba da tsiya ba. "Kawu," ya ce, "ka saurare shi. Ni daga cikin mota nake hango tekun, ban taɓa sa ƙafa ciki ba. Mushe ne ya shiga." Kai! Ban taɓa jin haushinsa kamar ranar ba. Duk zuwan nan da yake bai taɓa ruwan ba, ya kuma faɗa a gaban jama'a, amma ko gezau darajarsa ba ta yi ba. Har kirkin ma shi ya kwashe.

Baba bai sake dubana ba. Ya dafa gwiwar taubashina ya rage murya, amma na ji.

"In za ka koma ka biyo ka amshi kilishin aminina. In ya ji ɗana ya shiga garin, ka ba shi haƙuri a madadina."