Zanen da Na Shiga Ruwa da Shi

Taubashiyata ce ta kawo maganar. Ɗiyar kawuna ce, a Maraɗi suke zaune, kuma duk sanda ubanta ya ɗauko kaya zuwa nan Jibiya sai ta maƙale masa. Ta ga Turawa a waya suna hawan duwatsu da jaka a baya, suna kafa tanti a bakin tafki, sai ta kafe mu ma sai mun yi a bakin dam.

"Kwana a bakin dam?" in ji Kawu. "Ke ko kin san garin da kike? Wuni dai. Kafin la'asar mun dawo."

Da farko ba a sa da ni ba. Tun da muka baro ƙauyenmu na wajen Mazanya, ranar da na wuni kwance cikin dawa ina jin baburan 'yan bindiga suna wucewa, ake lallaɓa ni a gida kamar ƙwai. Ko murfin tukunya ya faɗi sai Inna ta waiwayo ta dube ni. Abin ya ishe ni. Na ce na warke, da ni za a je.

"To baiwata, zo ɗauki kwanuka," in ji taubashiyata. "In kin sume can zan baro ki."

"Baiwar wa? Ke da aka sayo da kwanon gero?"

Mu biyar muka tafi: mu biyu, da Kawu, da yayana, da wani abokinsa da ya fara yawan sallama a ƙofar gidanmu. Don shi na ɗaura zanena mai ruwan toka, na sa ɗan hijabi iya ƙugu.

Kawu ya ɗaure tamfol ɗin da yake rufe kaya tsakanin mota da wata bishiya, ya ce ga tantin Turawa nan. Maza suka sayi kifi wajen masunta suka hura wuta. Mu kuma muka nufi dutsen da ke gefen ruwa. Silifas na ta zamewa, muka cire muka riƙe a hannu, dutse na ƙona mana tafin ƙafa. Da muka kusa ƙoli na juya. Ruwa shimfiɗe har inda ido ya tsaya, ga gonakin albasa kore shar, can nesa ga manyan motoci a hanyar Magama kamar kwalayen ashana. Na ja numfashi har ƙasan ciki. Na manta rabon da in yi haka.

Taubashiyata tana gabana, sai na ji ta ɗaga murya: "Kai! Ga mutanen daji nan sun hito!"

Birai take nufi. A gidansu haka kakarta ke ce musu. Mu kuwa a nan ma'ana ɗaya muka san wa wannan kalma.

Ban ga biri ba. Ban ga komai ba. Na tsinci kaina durƙushe bayan wani dutse, hannuna toshe da bakina, kunnena cike da ƙarar baburan da babu su. Sai na ji ɗumi yana bin ƙafafuna, kuma na kasa tsayar da shi.

Ta dawo tana dariya, tana nuna birai suna tsalle. Ta dube ni, ta dubi zanen. Dariyar ta mutu.

Daga ƙasa yayana ya ƙwala kira: "Ku sauko, kifi ya gasu!"

Hanyar sauka ta gaban tamfol ta bi. Zane mai ruwan toka ba ya ɓoye komai. Na ce mata, "Don Allah ki tafi, ki ce ina zuwa." Ni kaina ban san zuwa yaushe ba.

Ta kama wuyan hannuna, ta ja ni ta ɗaya gefen, inda dutsen ya gangara cikin ruwa. Ƙaya ta yage mini ƙafa. Da muka kusa, yadda za su jiyo, sai ta saki murya: "Baiwata, in kin isa ki kamo ni!" Ta faɗa ruwa da kayanta, ta fizgo ni har wuya.

Kawu ya iso a guje, yana faɗa kamar zai ari baki. "Ke sakarya ce? Ina wayarki?"

Sai a lokacin ta shafa ƙugunta. Wayar tana soke a zanenta. Ba ta sake kamawa ba.

"Zahi ne ya ishe ni, Baba," ta ce. "Ni na jawo ta."

Abokin yayana yana ta dariya, wai ashe haka nake da wasa. Na sunkuyar da kai, haƙorana na haɗuwa, suka zaci sanyi ne.

Da muka dawo gida Inna ta tare mu a zaure, idonta a kaina. Taubashiyata ta riga ni: "Gwaggo, ɗiyarki ta hi ni hawan dutse." Inna ta ɗaga hannu ta ce alhamdulillahi, ta shiga gaya wa maƙwabta na warke. Wannan ya fi komai yi mini nauyi.

Zanen na wanke shi sau biyu, yana ƙasan akwati. Taubashiyata kuwa da wayar mamanta take kirana yanzu, ta ce, "Baiwata, ina labari?" Sai in ce, "Na'am."