Ranar da na tsaya kare doka

Shekara tara na yi ina masinja a kotu, ina kwasar fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Abin da ya sa ke nan mutanen unguwarmu ta Nima suke ce mini Lauya. Ni kuma don rashin kunya nake amsawa.

A shekarun casa'in ne hukumar birni ta ɓullo da wani ƙarfe da ake datse wa mota a taya idan ta tsaya inda aka hana. Kullum a teburin mai shayi sai na bugi ƙirji na ce dokar ba ta fara aiki ba, tunda minista bai sa hannu ba, ba a kuma buga ta a jaridar gwamnati ba. A bakin wani lauyan gaske na tsinta, na mai da ita tawa.

Sai matata ta haifi namiji. Mahaifina bai shekara da rasuwa ba, na ƙudura a raina sunansa zan mayar, ban gaya wa kowa ba. So nake liman ya fara ji daga bakina ranar suna.

Ranar, ana idar da asuba na ari akori-kurar maƙwabcina na ɗauko ragon suna daga unguwar Malam. A hanyar dawowa na tsaya kasuwar Agbogbloshie karɓar albasa, a ƙarƙashin allon hana tsayawa. Na ga allon sarai. Ina fitowa na tarar da ƙarfen a taya, wani dogarin hukumar yana tsaye yana cin gyaɗa.

"Wannan doka ba ta da ƙafa," na ce masa.

"Maigida, ni makulli aka ba ni," in ji shi. "Je ka ofis."

Wani Alhaji mai albasa ya jawo ni gefe. "Ɗana, ka ce suna gare ka? Ja ragonka ka nemi tasi. Mota ba ta gudu."

Ina! Ai 'yan dako sun kewaye mu, ni kuwa in na ga taro bakina ƙaiƙayi yake. Na kawo sashe, na kawo ƙaramin sashe, har da waɗanda na ƙirƙira nan take. Aka yi ta tafi. Ragon ya cinye rabin takardar da aka manna wa motar, na ce ko dabba ta san ba ta da inganci. Sai da inuwata ta dawo ƙarƙashin ƙafata na tuna da malaman da ke zaune a kan tabarma tun bakwai.

Tasi uku suka ƙi ɗaukar rago. A bayan motar doya muka iso, ni da shi.

Ana naɗe tabarmi na shiga. Surukina ya tare ni da fara'a, ya ce malamai sun gaji da jira, sai ya yanka nasa ragon, da liman ya nemi suna ya ba da nasa. Na durƙusa na yi godiya. Me zan ce? Sai da na shiga ɗaki na yi kukana.

Bayan kwana biyu aka kwance ƙarfen. Har yau ban san ko ni ke da gaskiya ba, ban kuma sake tambaya ba. Allah ya ƙara mana 'ya'ya biyar, dukkansu mata. Mahaifina bai samu takwara a gidana ba.