Ranar da Tambari Ya Ba Hafizu Hanya

Ni ne golan da anka zura wa ƙwallon, saboda haka in ana labarin Tambari Dauran a tasha, ni ya kamata a tambaya, ba waɗanda sunka kalla daga kan katanga ba. Sunana Sanusi. Yanzu motar haya nake ja tsakanin Kaura da Shinkafi, amma shekara tara na yi ina tsaron raga, shida daga ciki kuma ƙeyar Tambari nake kallo, don shi ne lamba biyar ɗinmu. Na fi sanin ƙeyar nan da fuskarshi.

Ɗan manoma ne daga Dauran, can ƙasar Zurmi. Gonarsu a bakin burtali take, inda shanu ke wucewa safe da yamma, kuma tun tashinshi aikinshi shi ne tsare dawa. Ya sha gaya mini cewa a nan ya koyi tsaron baya. Ba a bin saniya da gudu, in ji shi, sai ka duba inda take son shiga, ka riga ta tsayawa a wurin. Haka yake wasa. Ɗan gaba zai yi ta kaɗa ƙafa yana yanga, ya ɗago kai ya tarar Tambari na tsaye daidai inda ya nufa. Bai cika zubewa ƙasa ba sai dole, amma in dole ta kama, mutum kan yi mako yana jiƙa ƙwaurinshi da ruwan ɗumi.

A filin reluwe na Kaura ya fara, da takalmin aro. Daga nan wani kulob na Sakkwato ya ɗauke shi, lokacin duk muna jiha ɗaya. Sai mutanen Maraɗi sunka gan shi sunka ƙyasa, ya tsallaka iyaka ya yi masu shekara biyu. Da su ya je Wagadugu, ya je Bamako, kwana biyu a mota ana zaune bisa jakunkuna. A Maraɗin ne anka ce za a yi mishi takardu ya sa rigar ƙasarsu. Ya gode masu, ya ce in har zai sa rigar ƙasa, tamu kore da fari yake so. Da yawanmu mun ce ya yi wauta. Tambari kam ba ya jayayya, sai dai ya yi maka shiru har ka ji kunyar kanka.

Da anka ba mu jiharmu ta Zamfara a alif ɗari tara da casa'in da shida, ya tattaro kayanshi ya dawo gida. Lokacin kowa kanshi na hayaƙi, ana ganin komai zai yiwu. Munka haɗu a kulob ɗin Kaura, shi a gaba, ni a bayanshi.

Babban abokin karawarmu shi ne kulob ɗin Shinkafi, kuma abin tsoro a cikinsu shi ne lamba tara, Hafizu. Ya girmi Tambari da shekara shida. In sunka haɗu a fili ba sani ba sabo, har haƙori Hafizu ya taɓa bari a filinmu. To ga ikon Allah, ƙanwar Hafizun nan, Saliha, ita Tambari ya gani ya ce yana so, ita ma ta ce ta ji ta gani. Mahaifinsu ya rasu tun tana goye, Hafizu ne ya raine ta, shi ne kuma ya zauna a matsayin waliyyi ranar ɗaurin aure. Ke nan yayan mata ne, uban mata ne, duk a jikin mutum ɗaya.

Daga ranar Tambari bai ƙara kiran sunanshi ba. Bai ƙara cin abinci a gabanshi ba, bai ƙara haɗa ido da shi ba. In ya hango shi a kasuwa, sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Wannan ba wani abin mamaki ba ne a wurinmu, kowane ɗan mutunci haka yake yi wa surukinshi. Matsalar ita ce sauran mutane ba sa haɗuwa da surukansu a gaban raga.

Sai munka samo dabara, ba tare da kowa ya zauna ya tsara ta ba. Duk ranar wasa da Shinkafi, Auwal, ɗayan ɗan bayanmu, shi ke riƙe Hafizu, Tambari kuma ya ɗauki duk wanda ya saura. In Hafizu ya koma hagu, su biyun sai su yi musanya shiru. Kocinmu ya sani, 'yan kallo sun sani, alƙalan wasa ma sun sani. Wasa uku munka yi a haka, ba a ci mu ko ɗaya ba.

Shekarar dubu biyu ta zo da Shari'a, ta shigo har fili. Tela ya ƙara wa wandunanmu tsawo sunka rufe gwiwa, na Tambari sai da ya ci kusan yadi biyu. Ana sallame La'asar ake hura usur, a tashi kafin Magariba, mata kuma a gefensu bayan igiya. A wannan shekarar munka kai wasan ƙarshe na kofi, mu da Shinkafi, a Kaura. Saura kwana biyu koci ya tara mu ya ce wani mutum zai zo daga Legas, cikin masu zaɓen 'yan wasan gida zuwa sansanin ƙungiyar ƙasa, kuma lamba biyar zai zo gani. Tambari na da shekara ashirin da tara. Duk mun san ba za a sake aiko kowa ba.

Wallahi ban taɓa ganin ya yi wasa irin na rannan ba. Ƙwallon sama nashi ne, na ƙasa nashi ne. Har hutun rabin lokaci ban taɓa ƙwallo da hannu ba sai wadda ya maido mini. Ina hango baƙon a ƙarƙashin rumfa, da tabarau da ɗan littafi, yana ta rubutu. Hafizu kuwa ya shigo da gwiwa ɗaure da bandeji, yana ɗingishi kaɗan, amma duk da haka ya hana Auwal sakat.

Saura minti goma, babu ci, Auwal ya kwashe Hafizu karo na biyu, alƙali ya zaro jan kati. Ina kallon Auwal yana fita, na san babu wanda ya rage ya riƙe Hafizu sai Tambari.

Ba a jima ba anka ɗago wata doguwar ƙwallo daga tsakiya. Hafizu ya tare ta da ƙirji ya juyo. Gudunshi ma ba gudu ba ne, gwiwar ta ƙi. Tambari kuwa tuni ya riga shi wurin, yana tsaye daidai bakin layin sha takwas na gaban ragata, ƙafa kawai zai miƙa. Na buɗe murya na ce, "Kwashe shi, Tambari!"

Sai na ga ƙeyar nan ta sunkuya. Ya dubi ƙasa, ya mai da hannuwanshi baya, ya matsa gefe taki ɗaya, irin matsawar da akan yi wa babba a ƙofar masallaci. Hafizu kanshi sai da ya ɗan tsaya. Sannan ya buga, ta wuce ta ƙarƙashin hannuna na dama. Da ɗaya da nema anka tashi.

Baƙon bai yi rashin adalci ba, abin da ya gani ya rubuta. Ya gaya wa koci cewa lamba biyar gwani ne, amma yana tsoron lamba tara: tun farkon wasa yake kauce mishi, da sunka haɗu kuma ya ba shi hanya. Koci ya yi ta ƙoƙarin yi mishi bayanin surukuta da Turanci. Mutumin ya saurara da ladabi, ya rufe littafinshi, ya shiga mota.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba, har yau in na tuna raina yakan ɓaci. Washegari da hantsi na nufi gidan Tambari don in wanke shi tas. Na tarar da shi zaune a zaure yana wanke takalminshi. Ban kai ga buɗe baki ba sai ga Hafizu bisa babur, tun daga Shinkafi. Tambari ya ajiye takalmin ya durƙusa.

"Barka da zuwa, Yaya."

Hafizu ya kashe babur. Ya sauko da ƙyar, ya jingina da bango, ya daɗe yana kallon tsakiyar kan Tambari.

"Ka san wa ya kawo mutumin jiya?" in ji shi.

Tambari ya ƙara sunkuyar da kai.

"Ni na kawo shi. Sau uku ina zuwa Kaduna wurin wani tsohon kocina, har ya yarda ya yi mishi magana. Likita ya ce in na sake wasa da gwiwar ga, in kuka da kaina. Na ɗaure ta na shiga, don baƙon ya ga ka tare ni. Tare yaran can ba zai kai ka ko'ina ba, sunana ne anka sani a Legas." Ya nuna Tambari da yatsa. "Na ba ka Saliha don na ga namiji a fili. Da ka karya ƙafar ma, da na fi murna."

Ni da na zo faɗa sai na rasa inda zan sa idona. Saliha na tsaye daga ciki bayan labule, ina jin ta tana jan hanci. Tambari bai ɗago ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Allah ya huci zuciyarka, Yaya."

Hafizu bai ƙara buga ƙwallo ba, gwiwar ta tafi ke nan. In anka yi mishi zancen wannan ci, tashi yake ya bar wurin. Tambari ya ƙara shekara biyu da mu, sannan ya koma Dauran ya kama noman gero da dawa. 'Ya'yanshi shida da Saliha. Ba a sake aiko kowa daga Legas ba.

Wata ranar kasuwar Shinkafi, bayan shekaru, Tambari ya shiga motata ya zauna gaba. Mun yi nisa muna hirar damina, sai abin ya taso mini. Na ce, "Tambari, tsakaninka da Allah, da ka san shi ya kawo mutumin, da ka sa ƙafa?"

Ya daɗe yana kallon hanya. Har na ɗauka shirun nan nashi zai yi mini.

"Na sani, Sanusi," in ji shi. "Saliha ta gaya mini tun ana saura kwana biyu. Na shiga filin da niyyar in kwashe shi. Ƙafar ce ta ƙi tafiya."