Ranar da Aka Kashe Famfon Malam Isiyaku

Ina tsaye bakin tankin kifina a Lambara, da hantsi, ina watsa musu abinci, sai wayar Bello, ƙanin Malam Isiyaku, ta shigo. "Ummaru, Malam ya cika. In ka taso yanzu kana samun jana'iza." Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake faɗa, sai daga baya na lura ashe kwanon abincin gaba ɗaya na kife cikin ruwa. Malam Isiyaku na Danchadi ya daɗe yana jinya, mun kuma san jikin ya yi nauyi, amma sanin bai rage mini komai ba.

Shi ya koya mini sana'ar da nake ci da iyalina a yau. Bayan ya bar koyarwa, sai ya kafa tanki a bayan gidansa ya zuba karfasa, ya jera rabin duro-duro cike da tsakuwa a kan gadon katako, ya dasa latas da alayyafo da tumatir. Ɗan famfo mai aiki da sola da batir ke ɗaukar ruwan kifin ya hau da shi wurin shuka, shukar ta sha taki, ruwan ya dawo wa kifi a tace. Mutanen gari sun yi ta yi masa dariya, wai Malam ya rasa fadama ya koma noman dutse. Ni ma na yi dariyar, har shekarar da albasata ta ruɓe a rumbu na je gidansa ba ni da ta cewa. Bai tuna mini da komai ba, tabarma kawai ya shimfiɗa mini.

Abin da ya fi tsananta mini a kai shi ne zaɓen famfo. Ranar da na ce zan sa injin ban ruwan da nake da shi, ya dube ni kamar na zage shi. "Wanga na fadama na, shi sha mai shi yi hargowa shi huta. Kihi ba su san hutu ba. Nemi wanda ka iya kwana yana aiki, batir bai mutu ba kahin sahiya." Da muka je kasuwa a Sakkwato, da bokitinsa da tiyonsa ya tafi. A gaban mai shago zai cika bokiti, ya nutsa famfon, ya ɗaga bakin tiyo daidai tsayin gadon shukarsa ya ga ko ruwa zai hau da ƙarfi. Rubutun jikin kwali bai dame shi ba, yakan ce ba a gidansa aka gwada ba. Sai kuma ya buɗe famfon da hannu. In sai da makaniki ake buɗe shi a wanke, ya ajiye. Masu shago sun gaji da shi, shi kuwa ko a jikinsa.

Dokarsa ta ƙarshe ita ce kada mutum ya zauna da famfo ɗaya. "Sayi ƙanana biyu, ka rataye guda ga ƙusa. Ranar da na ruwa yam mutu ba sallama zai yi maka ba." Amma da nawa ya ƙone a tsakiyar zafin bara, ban ma gama ba shi labari ba ya sauko da nasa na ƙusa ya ɗaura mini a bayan babur. Ya ce kyauta ce, zai sayo wani. Ciwo ya riga shi zuwa kasuwa, ƙusar nan ta zauna ba komai.

Ranar da muka rufe shi, gida ya cika da masu gaisuwa. Baffansa, dattijo mai kirki da ya zo daga Dingyaɗi, ya ji gunjin famfo daga bayan gida ya ce, "Gidan mutuwa, kuma inji na ta kuka? A kashe shi, a girmama mamaci." Aka zare waya. Wallahi da kyakkyawar niyya ya faɗa, kuma ba wanda zai musa wa Baffa a irin wannan rana.

Washegari da azahar ina zaune cikin masu zaman makoki, sai babbar 'yar Malam, Saratu, ta aiko a kira ni. Na iske kifin sun taso saman ruwa, baki buɗe, wasu sun fara kifewa. Latas ya kwanta a kan tsakuwa mai zafi. Na mayar da waya, famfon ya yi ɗan gurnani ya yi shiru. Na buɗe shi na wanke lakar da ta daskare ciki, na sake gwadawa, sai warin ƙuna. Tsohon famfo ne, tafiyar da bai tsaya ba ce ta riƙe shi. Hankalina ya tashi ƙwarai, domin tankin nan shi ne abincin gidan. Inna Rabi, matar Malam, ta shiga takaba, ba ɗa namiji babba, ba gona sai wannan. Na ce wa matan su ɗauki ƙorai su riƙa ɗebo ruwan suna zubo shi daga sama, kada su tsaya ko da hannu zai tsinke. Na hau babur, ban san yadda na kai Lambara ba.

Matata Hadiza ta ga ina zare famfo daga tankinmu ta ce, "Maigida, namu hwa?" Na ce, "Nasu na tun asali. Ɗauko ƙwarya." Ta ɗauko.

Kafin la'asar ruwa ya sake hawa gadon shukar Malam. Manyan kifin da ya fi ji da su sun riga sun tafi, muka tsame su muna kuka, amma saura sun koma ƙasa suna yawo. Ina haɗa tiyo sai na ji muryar Inna Rabi daga bayan labule. "Ummaru, Allah shi yi ma albarka. Tun da anka kashe abin ga ban runtsa ba. Shirun nan shi yag gaya min da gaske ya tahi." Baffa da kansa ya zo ya tsaya bakin tankin, hawaye na bin gemunsa.

Yanzu da nake wannan rubutu, ni da Hadiza muna karɓa-karɓa da ƙwarya a bakin tankinmu, kifinmu na raguwa. Gobe zan shiga Sakkwato da bokiti da tiyo, ni kaɗai. Biyu nake nema, ɗaya na ruwana, ɗaya na ƙusar Malam. In na ɗaga tiyon ruwa ya hau, ban san wa zan juya in kalla ya gyaɗa mini kai ba.

Ya Allah, Ka jiƙan Malam Isiyaku, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka shayar da shi daga ruwan Alkausara kamar yadda ya shayar da mu. Ka ba Inna Rabi da Saratu da ƙannenta haƙuri, Ka rufa musu asiri, kada gunjin nan ya sake yankewa a gidansu. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.