Baibayar Ɗakin Yaya

Yayana shi ne ɗan fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. In tuwo ya sauka, ni take miƙa wa akushi ta ce, "Kai wa wancan." In zazzaɓi ya kama shi, sai ta tsaya bayan danga tana tambayar iska ko an sha magani. Haka muka taso a Jibiya, ba wanda ya ga abin mamaki.

A shekarun da ake ta maganar mulkin kai ya gama karatunsa a Zariya, sai jami'o'i biyu suka ce ya zo. Ɗaya a kudu, ƙasar Yarbawa, ɗaya a Ingila, bayan teku. Kowacce, in ji shi, sai ta tankaɗe mutane kamar gari kafin ta ɗauki ɗaya. Ni lokacin ko harafin boko ban sani ba, sai da na yi jikoki na hau bencin yaƙi da jahilci. Abin da na gane kawai, ta kudu ana dawowa gida duk hutu, ta Ingila kuwa sai an gama, shekaru ba a ga ƙeyar mutum ba.

Ƙosai nake soyawa a bakin iyaka, kusa da shingen kwastan, duk shawarar gari a kan kaskona take sauka. 'Yan kwastan suka ce Ingila. Wani direban gyaɗa ya rantse manja zai kashe shi a kudu. Kawunmu ya tsallako takanas daga Maraɗi don ya sanar da mu duk biyun ba su kama ƙafar makarantun Faransa ba, ya ci ƙosai kyauta ya koma. Baba kuwa tuni ya gama gaya wa mutanen ƙauyen Bugaje ɗansa zai hau jirgin ruwa.

Yaya duk ya rame. Wata safiya ya zo ya tsuguna gefen kaskon.

"Ke, Inna ta ce wani abu?"

"Ta ce gishiri ya ƙare."

"Kan tafiyata nake nufi, sarkin baki."

"Matar da ko sunanka ba ta faɗi, ita za ta zaɓa maka makaranta?"

Ya ce, "To, tunda duk ɗaya ne a wurinta, Ingila zan amsa."

Saura kaɗan in kwaɗa masa ludayi. Na sauke kaskon, na ja hannun rigarsa har gida, yana ta ce min mutane na kallo. Su kalla mana.

Na tsayar da shi gaban ɗakinsa. Tun shekaranjiya Inna ta sa aka kawo ciyawa daga Mazanya aka yi wa jinkar sabuwar baibaya, alhali nata ɗakin in an yi ruwa sai mun jera ƙore. Shi kuwa malam kullum yana shiga yana fita, kansa a cikin littafi, bai ɗaga ido ba.

Na ce, "Yaya, wanda zai yi shekaru bayan teku, don wa za a baibaye ɗakinsa? Don gara?"

Ya daɗe yana kallon jinkar nan. Inna tana gindin turmi, ta juya mana baya, tana ta tankaɗen garin da ta riga ta tankaɗe. Can ya gyara murya, ya dubi bango ya ce, "A gaya wa mutanen gida kudu zan tafi."

Rariya ta tsaya. Inna ba ta waiwayo ba ta ce, "Ke, gaya wa wancan ni ba ruwana. Gyaɗa zan zuba a ɗakin."

Baba ya kwana biyu yana fushi, don sai da ya sake bin Bugaje yana bayanin jirgin ruwa ya koma jirgin ƙasa.

Da ya dawo hutun farko, ko ƙwayar gyaɗa babu a ɗakin, sai sabuwar tabarma da randa cike da ruwa. Inna ta cika akushi har murfi ya ƙi rufuwa, ta miƙo min.

"Kai wa wancan. Duk wuyansa ya fito, ba sa ba su abinci a can."

Na ce, "Inna, yaushe kika kalle shi har kika ga wuya?"

Ta rarumo muciya. Na yi waje da akushin.